Batir ɗinka lafiyarsa lau, iskar sama ce ta cinye shi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka sayi dron, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi, ƙirar DJI Mini 2 don ɗaukar hotunan biki, kuma a kwalinsa an rubuta yana yin minti 31 a sama. Wata safiya cikin Janairu, wajen ƙarfe 7, ka tayar da shi a bayan garin Tawa, ko ganye ba ya motsi. Ka hau da shi mita 120, ka tura shi kilomita 2 kudu maso yamma, ka ɗauki abin da za ka ɗauka. Da ka danna maɓallin dawo-gida sai ya riƙa jan ciki, waya tana nuna mita 2 cikin daƙiƙa, har batir ya ƙare ya sauka cikin karan gero. Kana tambaya ko batir ɗin jabu aka sayar maka.

Kada ka je ka tayar wa mai shago da hankali tukuna. Daga yadda ka ba da labarin, ban ga laifin batir ba. Ka yi tafiya iska na bayanka, ka zo dawowa tana gabanka, kuma ka yi haka a lokacin da iskar sama ta fi ƙarfi a duk tsawon yini a ƙasar nan.

Minti 31 ɗin nan gaskiya ne, amma ka san yadda aka same shi. An gwada jirgin ne inda babu iska ko kaɗan, yana tafiya a miƙe da saurin mita 4.7 cikin daƙiƙa, har batir ya mutu murus. Kai kuwa ba ka tashi a inda babu iska, kuma ba ka barin batir ya kai sifili. A aikin yau da gobe, in ka samu minti 22 zuwa 25 ka gode wa Allah. Wutar da batir ɗin ke riƙewa duka ba ta wuce wat-awa 17 da ɗoriya ba, jirgin kuma bai cika giram 250 ba, wato ko kwatan kilon sukari ya ɗan fi shi nauyi. Abu mai wannan nauyin kake aikawa ya yi kokawa da hunturun Adar.

Jirgi yana da gudu iri biyu, kuma rashin raba su shi ke sa mutane asara. Akwai gudun da yake yi cikin iska, akwai wanda yake yi bisa ƙasa. In ka taɓa zama bakin kogi a Yamai ka kalli masu kwale-kwale, ka riga ka san maganar. Mai tuƙi yana zuba ƙarfi iri ɗaya, amma in ya bi ruwa sai ka ga ya wuce kamar an jefa shi, in ya juyo ya tunkari ruwa sai ya yi ta fama, gaɓa tana kallonsa yana kallonta. Farfelar dron ba ta san ƙasa ba, iska kawai take turawa. Batir yana biyan gudun cikin iska, kai kuma abin da kake buƙata gudun bisa ƙasa, shi ne kuma lambar da waya take nuna maka.

Mutane da yawa suna ɗauka abin da iska ta ci a dawowa ta riga ta biya shi a tafiya, an yi canjaras. Lissafi bai yarda ba. Ɗauki jirgin da ke iya mita 15 cikin daƙiƙa, za shi kilomita 3 ya dawo. In babu iska, daƙiƙa 200 zuwa, 200 dawowa, minti 6 da daƙiƙa 40 ke nan. In iska tana mita 5, zai je cikin daƙiƙa 150, ya dawo cikin 300, jimla minti 7 da rabi. Asarar ba ta da yawa, shi ya sa ake raina ta. To, ɗaga iskar ta kai mita 10: zuwa daƙiƙa 120, dawowa 600, minti 12 cif. Ƙara mata mita 2 kacal ta zama 12: zuwa bai kai minti 2 ba, dawowa ta kusa minti 17. In ta kai 15, jirgin zai tsaya cak a sama, injina na kuka, har batir ya ƙare. Dalilin shi ne taimakon iska ɗan lokaci yake yi, don ka isa da wuri, cutarta kuwa tana daɗewa, don kana tafiyar hawainiya a cikinta. Ka lura kuma da yadda asarar take hawa. Daga 5 zuwa 10 ta ƙaru da minti huɗu da rabi, daga 10 zuwa 12 ta ƙaru da fiye da minti shida.

Iskar gefe ma tana karɓar nata, sai dai da sauƙi. Jirgin yakan karkata ya ɗan jingina da ita don kada ta kauce da shi daga hanya, kamar mai kwale-kwalen da zai tsallaka kogi yana nufin can sama da mashigin da yake so. A misalin nan namu, iskar gefe mai mita 10 za ta sa zuwa da dawowa su ci kusan minti 9, ba 12 ba. Shi ya sa in ina auna gonakin albasa a wajen Galmi nake shimfiɗa layukan tashi su gitta iska, hotuna ma sun fi fitowa daidai wa daida.

Akwai wani abu da ƙananan jiragen nan suke yi wanda ya ƙara rufe maka ido. In maɓallin gudu na rimot yana kan N, wato gudun yau da kullum, Mini 2 ba ya wuce mita 10 cikin daƙiƙa bisa ƙasa, ko da iska na tura shi. Ranar nan da kake tafiya, waya ta nuna maka 10, hoto a natse, don abin da ke riƙe da kyamara yana shanye duk wata girgiza, batir kuma yana sauka a hankali fiye da kullum tun da iska ce ke ɗauke da shi. Komai ya yi daɗi. Da ka san abin, wannan daɗin shi zai tsorata ka. Batir da ke sauka a hankali a hanyar zuwa bashi ne, kuma za a zo karɓa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: ta yaya ganye ba ya motsi a ƙasa, amma a sama ana yaƙi?

Ko da rana tsaka, iska tana ƙara ƙarfi in ka hau, saboda itatuwa da gine-gine da tudu suna taka wa ta ƙasa birki. A fili, iskar da ke mita 5 a tsayin mita 10 takan kai wajen 7 a mita 120. Wannan ko'ina a duniya haka yake. Amma mu a yankin Sahel muna da ƙari, musamman cikin ɗari. Da dare sararin sama garau yake, babu gajimare, babu laima, sai ƙasa ta huce da sauri. Iskar da ke manne da ƙasa ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta kwanta kamar ruwa a ƙasan randa. Ta saman kuma, da yake ta rabu da birkin ƙasa, sai ta saki gudu. Tun tsakar dare take ƙara wuta har asuba, cibiyarta tana tsakanin mita 200 zuwa 500 daga ƙasa, kuma ba abin mamaki ba ne ta wuce mita 10 cikin daƙiƙa. Masana yanayi sun auna ta sosai a Yamai a shekarar 2006, lokacin babban binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA. Jirginka a mita 120 ya tsoma kansa ne cikin gindin wannan kogin iskar, yana kuma gangarawa daidai inda take nufa, don hunturu daga arewa maso gabas yake fitowa.

Kowace tsohuwa a Adar ta san rabin wannan ilimin, ko ba ta taɓa ganin dron ba. Ta san da sassafe lif ake, in hantsi ya dubi ludayi sai iska ta taso, ƙura ta turnuƙe, shanyar tsakar gida ta kama hanya. Iskar hantsin nan ba daga wani gari ta zo ba. Ita ce ta kwana bisa kanmu, rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa ta fara hawa tana cakuɗuwa da ta sama, sai gudun ya sauko. Shi ya sa daga ƙarfe 9 zuwa 11 ake shan wuya a ƙasa. Don haka in ka ga jiya hantsi ya yi iska, ka ƙaddara yau da asuba tana nan a sama tana jiranka. Ni cikin ɗari na fi son tashi bayan la'asar, lokacin da ta gaji. In aiki ya tilasta safiya, kamar ɗaurin aure ko suna, ba na wuce mita 40 zuwa 50, kuma hoton biki ma bai buƙatar fin haka.

Maɓallin dawo-gida shi ma ya ƙara maka gishiri a miki. Ba ya dawowa da cikakken gudun jirgin, kuma in tsayin da ka sa masa a saiti ya fi inda jirgin yake, sai ya fara hawa tukuna, wato ya ƙara shiga iska. Ƙiyasin da yake yi na batir ɗin da zai ishe shi dawowa kuma ba abin da za ka jingina da shi ba ne in iska tana gaba. Kilomita 2 a gudun mita 2 cikin daƙiƙa minti 16 ne da daƙiƙa 40, injina kuma suna zuƙar wuta fiye da kima duk tsawon lokacin. Ko sabon batir dal daga kwali ba zai kai shi gida ba bayan tafiya da ɗaukar hoto.

Da ina tsaye kusa da kai, abin da zan ce shi ne: kashe dawo-gida, karɓi tuƙi da hannunka, sauko da shi mita 30 ko 40, mayar da maɓalli kan S, wato gudu mafi sauri, ka danna gaba har ƙarshe. Saukowar ita ce babba, don a irin wannan safiyar ƙasa shiru take, sai dai ka kula da gawo da turakun wuta da na sadarwa, kuma ka san siginar rimot tana raunana in jirgi ya yi ƙasa a nesa. Maganar S kuwa, na san abin da ke hana mutane: wai yana shan batir. Yana sha, a kowane minti. Amma a cikin iskar gaba ba minti kake saye ba, mita kake saye. A kan S jirginka yana iya mita 16 cikin daƙiƙa. In iska tana 10, kana lallaɓawa da 12, ci gabanka 2 ne. In ka buɗe masa wuta ya kai 16, ci gabanka 6, ninki uku. Ko da shan batir ya ninka biyu, riba tana wajenka. Akasin haka in iska na baya: sassauta, bar ta ta yi maka dako.

Wani zai ce maka a yi ta karkace-karkace, hagu da dama, wai a yanka iska kamar yadda jirgin ruwa mai filafilai yake yi. Jirgin ruwa yana da ruwa da yake dafawa, dron ba shi da abin dafawa sai iskar kanta. Karkacewa tsawon hanya kawai take ƙarawa.

In ka yi duk wannan lambar ba ta ɗaga ba, ka haƙura da gida. Tun batir yana kashi 20, duƙar da kyamara ƙasa, zaɓi fili kusa da abin da za ka gane, rijiya ko hanyar mota ko wata kuka, ka sauke shi da kanka, waya za ta riƙe maka wurin a taswira. Tafiyar ƙafa ta kilomita ɗaya ta fi ya zaɓa wa kansa masauki a tsakiyar tafkin Tabalak.

Ba kowace iska ce abokiyar gaba ba, kada in yi mata ƙazafi. Jirgi mai farfela huɗu ya fi wahala in ya tsaya cak a iska mai kwance, don yana ta juya iskar da ya riga ya dama. In sabuwa tana shigo masa ta gefe a hankali, farfela ta fi kamawa. Shi ya sa a takardar Mavic 3, wani dron na DJI da ya fi naka girma, za ka ga minti 46 yana tafiya, amma 40 in yana tsaye. Iska ƴar mita 3 ko 4 mai tafiya salin-alin ba ta rage maka komai in hoto kake ɗauka a tsaye. Matsala tana farawa in ta haura, saboda turin iska ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya: in gudunta ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu, ƙarfin da injin zai kashe don ya keta ta kuma ya ninka takwas. Mafi muni ita ce mai fizga, ta buga ta saki, ta buga ta saki. Kowane bugu sai injina sun zabura, batir ya ɗauki zafi, ƙarfin wutarsa ya faɗi na ɗan lokaci, har ka ga kashi 30 ya koma 18 kafin ka haɗiye yawu. Mita 8.5 zuwa 10.5 da kamfanin ya rubuta wa Mini 2 a matsayin iyakar iskar da yake jurewa, ma'anarsa zai iya tsayawa bai tafi da ita ba. Bai ce zai yi maka kilomita 2 a cikinta ba.

Bazara kuma nata salon daban. Tawa tana kusan mita 380 bisa teku, in zafi ya kai digiri 43 cikin Afrilu ko Mayu, iska takan yi sako-sako, kaurinta ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 in aka gwada da wadda injiniyoyi suke lissafi da ita. Farfela sai ta ƙara juyi kafin ta ɗauki nauyi ɗaya, kusan kashi 7 na ƙarin wuta ke nan tun ba a yi maganar iska ba. Jirgin ma digiri 40 aka rubuta masa iyaka. Ga guguwa da ke tashi bayan azahar a kan fako ba sallama. Kada ka bar batir cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur.

Ƙasar Adar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, wannan ma sai da na biya kuɗin makaranta kafin in koya. Wata shekara ina ɗaukar hoton ramukan rabin wata da aka haƙa a kan wani tudu can wajen Keita, sai na gangaro da jirgin bayan gaɓar dutsen, ina cewa a can zai samu mafaka daga iska. Iskar da ta hau tudu ba ta tsayawa a baki, zubowa take yi ta ɗaya gefen tana birgima. Ina kallo a waya, tsayi yana raguwa, 38, 33, 27, babban yatsana yana danne da sandar hawa har ƙarshe, sararin sama yana karkata cikin hoton, sai ga rassan wata ƙaya sun cika allo. Wani yaro makiyayi ya riga ni isa. Na tarar ya tsuguna nesa kaɗan da sandarsa bisa kafaɗa, awakinsa sun kewaye itacen, jirgin yana rataye da ƙafa ɗaya, fitilarsa tana ƙyaftawa, farfela biyu sun tsage. Tun daga ranar, bayan tudu ko dogon gini ko layukan dogon yaron nan da aka dasa a kwarin Magiya tun 1975 don tare iska, ko dai in wuce can sama da su, ko in ba su tazara mai yawa.

Yadda nake karanta iska kafin in tashi ba wani asiri ba ne. Ina duba manhajar Windy a waya, in ɗaga ma'aunin tsayi zuwa mita 100, in dubi lambar fizga, ba matsakaiciya kaɗai ba. In an ba ka kilomita cikin awa, raba da 3.6 ka samu mita cikin daƙiƙa, wato 36 ya zama 10. Sannan ido: in ganye da ƙananan rassa suna motsi ba tsayawa, wajen mita 4 zuwa 5 ke nan. In ƙura da leda sun fara tashi, 6 zuwa 8. In ƙananan itatuwa suna rangaji gaba ɗayansu, an kai 8 zuwa 10, Mini ya koma jaka. Amma duk wannan labarin ƙasa ne, kuma hasashe hasashe ne. Gwajin da na fi yarda da shi minti ɗaya yake ci: in hau tsayin da zan yi aiki, in fuskanci iska, in danna gaba tsawon mita 200, in karanta lambar. In ba ta kai rabin abin da jirgin ya saba ba ni ba, na sauko ke nan. Wasu suna cewa a tashi muddin iska ba ta wuce kashi biyu cikin uku na gudun jirgin ba. Ka ga lissafin da muka yi, a nan ne minti 6 da 40 ya zama 12. Ni rabi nake tsayawa.

Sauran dabarar ta wurin tsayawa ce, kuma kyauta ce. Ka tsaya ta yadda abin da za ka ɗauka yana ɓangaren da iska take fitowa. Cikin ɗari, kai kana kudu maso yamma, aikin yana arewa maso gabas, jirgi ya tafi da wuya yana da cikakken batir, ya dawo a sauƙaƙe yana gajiye. Da damina sai ka juya, don iskar tana fitowa daga kudu maso yamma. Sai dai hadarinmu daga gabas yake zuwa, kuma iskarsa tana riga ruwansa isowa. In iskar yamma ta ɗauke ɗif, gabas ta yi ja, sauko nan take, don bugun farko yakan wuce mita 20 cikin daƙiƙa, ya fi gudun jirginka ko a kan S. Kilomita 2 ɗin nan ma, tsakanina da kai, ta wuce inda idonka ke ganin jirgin, kuma a halin tsaron da ake ciki ka tabbata kana da izinin hukumar jiragen sama ta ANAC da na jami'an tsaro, ka nisanci filin jirgi da bariki.

Batir ɗin kuwa, tun da ya ƙare ƙarƙaf, kada ka bar shi ya kwana biyu a haka, yi masa caji. Aza shi bisa tebur ka ga ko ya kumbura, in yana lilo ko yana shiga jirgin da ƙyar, ya gama aiki. Juya kowane injin da yatsa, in ka ji ƙaras-ƙaras rairayi ya shiga, busa shi da iska kafin ka kunna, ka duba bakin farfela ko karan gero ya ɓantare shi. Sannan wata yamma da iska ta kwanta, shimfiɗa tabarma ka tayar da shi daga kanta, tsayar da shi mita 10 a gabanka, kama agogo har batir ya sauko kashi 20. In ka samu wajen minti 20, batir ɗinka na gaske ne. In bai kai 15 ba, ɗauki rasit ka koma wajen mai shago, ka turo mini lambar da ka samu.